Yadda Ake Rage Inuwar Motsi a Hoton MRI na Kafaɗa

Kafaɗa tana cikin gaɓoɓin da suka fi wahalar da mai ɗaukar hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu. Gwiwa ko idon sawu ana iya kulle su cikin kwayil, wato abin karɓar sigina da ake rufe gaɓa da shi, su zauna shiru, amma kafaɗa a jikin ƙirji take, ƙirji kuwa yana ɗagawa yana sauka sau 12 zuwa 20 a kowane minti. Ga jijiyoyin jini na hammata suna harbawa kusa da gaɓar, ga shi kuma wanda aka turo ɗin ciwo ne ya kawo shi, kwanciya rigingine na minti 20 ba ƙaramin aiki ba ne a wurinsa. Abin da ake nema a hoton kuma ƙanana ne: tsagewar jijiyar sufrasfinatus, wadda ke saman kafaɗa tana taimakon ɗaga hannu, ko ɓallewar labrum, wato leɓen da ke zagaye da gurbin kafaɗa, wani lokaci ba su wuce milimita biyu ko uku ba. Motsin da bai kai haka ba ya isa ya ɓoye su, ko ya zana tsagewar da babu ita. Wannan gurɓacewar hoto ita ake kira inuwar motsi.

Binciken da Jalal Andre da abokan aikinsa suka wallafa a 2015 daga Jami'ar Washington ta Amurka ya gano cewa kusan kashi 20 cikin ɗari na gwaje-gwajen MRI da suka duba sai da aka maimaita wani sashe nasu saboda motsi. Mafi yawan wannan asarar a kan gadon na'ura ake tare ta, tun kafin a danna komai a kwamfuta.

Fara da karanta inuwar

Na'ura ba ta ɗaukar hoto lokaci guda kamar kyamara. Bayanai take tarawa layi-layi cikin rumbun da ake kira rumbun k. Kowane layi ana karanta shi cikin 'yan milisakan, wannan ita ce fuskar firikwensi. Amma daga layi zuwa layi, wato fuskar fes, ana ɗaukar sakanni, hoton duka kuma mintoci. Duk abin da ya gusa tsakanin layi da layi, kwamfuta za ta watsa siginarsa a tsawon fuskar fes, ko da kuwa shi abin ta wata fuskar ya motsa. Shi ya sa inuwar motsi kullum a fuskar fes take jeruwa.

Kamannin inuwar yana faɗa maka mai laifin. Idan ka ga gefen ƙirji ko layin kitsen ƙarƙashin fata ya maimaitu sau uku ko huɗu da tazara daidai wa daida, numfashi ne. Idan ƙananan ɗigo-ɗigo ne masu haske da duhu a jere a layi guda da jijiyar jinin hammata, bugun jini ne. Idan hoton duka ya yi hazo-hazo, gefen ƙashi ya zama biyu ba tare da tsari ba, mutumin ne ya gyara kwanciya, ya yi tari, ko tsokarsa na rawa don gajiya.

Ana iya lissafa tazarar. Sikwens shi ne zango ɗaya na ɗaukar hoto. A nau'in sikwens da ake kira sifin eko zalla, tazarar inuwa ita ce faɗin fili, wato FOV, sau TR (lokacin da ke tsakanin layi da layi) sau NEX (sau nawa ake maimaita kowane layi), a raba da tsawon zagaye ɗaya na motsin. Da FOV na santimita 16, TR na rabin sakan, NEX 1, da numfashi ɗaya kowane sakan 4, inuwa za ta riƙa fitowa kowane santimita 2. A sikwens masu jerin eko, wato masu karanta layuka da yawa cikin TR ɗaya, TSE ko FSE, lissafin ya fi haka sarƙaƙiya, amma ma'anar ɗaya ce: motsi mai tsari yana ba da inuwa mai tsari.

Mataki na farko: magana kafin kwanciya

Tambayi mutumin abu uku tun yana zaune: ina ne ciwon ya fi tsanani, zai iya kwanciya rigingine, kuma yana tari? Lokacin hunturu tambayar tari ba ta wasa ba ce. Masu cutar sikila da ake zargin kan ƙashin dantsensu ya mutu saboda rashin isar jini, da masu daskararriyar kafaɗa, galibi ba sa jure kwanciya mai tsawo. Irin waɗannan, a shirya da likitan da ya turo su su sha maganin ciwonsu minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a shiga. A tura kowa ban ɗaki tukuna, mafitsara cike tana sa mutsu-mutsu fiye da tsoro.

A canza kaya zuwa rigar asibiti. Aikin wuyan riga mai zaren ƙarfe, ƙugiyar rigar mama, sarƙa, da kambu ko laya da ake ɗaurawa a dantse duk a cire, domin ba a san abin da aka ɗinke a ciki ba. A tambaya da ladabi, mutane da yawa ba sa ɗaukar laya a matsayin ƙarfe.

Sannan bayani. "Kada ka motsa" kaɗai ba ya isa, don mutum zai ɗauka in dai bai tashi zaune ba ai bai motsa ba. Ga irin abin da ke aiki: "Baba, na'urar za ta yi ƙara kamar injin niƙa, sau biyar ko shida, kowanne kamar minti uku. Muddin kuna jin ƙarar, ko yatsa kada ku motsa. Idan ta yi shiru zan yi muku magana. Tari ko gyaran murya, ku bari sai lokacin." Batun yatsa yana da dalili: murza yatsu ko juya tafin hannu yana juya ƙashin dantse gaba ɗaya har cikin gurbinsa.

Koya masa numfashin ciki a nan take. Ya ɗora hannu mai lafiya a kan cibiya, ya ja numfashi a hankali har hannun ya ɗaga alhali ƙirji na nan. Kada ka ce ya riƙe numfashi ko ya rage shi ƙwarai. Wanda ya takura numfashinsa na minti ɗaya zai rama da doguwar ajiyar zuciya, ita kuwa ta fi ƙananan numfashi goma ɓarna.

Mataki na biyu: kwanciya, inda aikin yake

A nan ya kamata a kashe lokaci. Minti biyar na gyaran kwanciya ya fi arha a kan maimaita sikwens biyu.

Mutum ya kwanta rigingine, kai ne zai fara shiga. Matsar da shi gefe a kan gadon yadda kafaɗar da za a ɗauka za ta kusanci cibiyar maganaɗisu gwargwadon iko. Kafaɗa a gefe take, kuma nesa da cibiya filin maganaɗisu ba ya daidaita sosai, kashe siginar kitse, wato dushe hasken kitse a hoton, ya kan gaza, sigina ta ragu, sai ka ga kana ƙara NEX kana tsawaita lokaci. A na'ura mai rami santimita 70 matsarwar tana da sauƙi. A mai santimita 60, da mutum mai faɗin ƙirji, sai an ɗan karkata shi: a sa soso mai gangare ƙarƙashin kafaɗa mai lafiya da bayan ƙugu na wannan gefen, jiki ya kishingiɗa kaɗan zuwa gefen ciwo. Wannan yana kwantar da allon kafaɗa a kan gado, nauyin jiki kuma ya danne ta. Sai dai a tambaya ko nauyin ya ƙara ciwon. In ya ƙara, a rage karkatar, gara a ɗan yi nesa da cibiya da a samu mai ƙirga sakanni yana jiran a fito da shi.

Hannu ya miƙe a gefen jiki. Kada a taɓa ɗora shi a kan ciki ko ƙirji, ko da mutumin ya ce a nan ya fi jin daɗi, domin kowane numfashi zai ɗaga hannun ya kai motsin kai tsaye cikin gaɓar. Ban da haka, hannu a kan ciki yana juya dantse ciki, jijiyar infrasfinatus ta bayan kafaɗa ta hau kan sufrasfinatus a hoton koronal, wato yankan da ke raba gaba da baya, abin ya yi kama da rauni. Matsayin da ake so shi ne babban yatsa na kallon sama, ko tafin hannu ya ɗan buɗe waje kaɗan. Juyawa waje sosai tana nuna jijiyoyi da kyau, amma mai ciwo ba zai iya riƙe ta ba. Cikin minti uku tsoka za ta fara rawa, hannun kuma ya riƙa komawa ciki a hankali a tsakiyar sikwens. Matsayin da mutum zai iya zama a kai ya fi matsayin da ke cikin littafi.

Abin da aka fi mantawa shi ne gwiwar hannu. Idan mutum ya kwanta, gwiwar hannu tana faɗawa ƙasa da kafaɗa, gaban gaɓar ya ɗame. Sa soso ko naɗaɗɗen tawul ƙarƙashin gwiwar da sangalin hannun har ƙashin dantse ya kwanta daidai da gado. Sau da yawa a nan take za ka ga kafaɗar da ke ɗage zuwa kunne ta saki ta sauko. Sannan a ɗora jakar yashi ta kilo ɗaya zuwa biyu a tafin hannu ko wuyan hannu. Jakar ta zama wadda aka tabbatar ta ɗakin MRI ce. Akwai jakunkunan da ake kira na yashi alhali ƙwayoyin ƙarfe ne a ciki, maganaɗisu na iya fizgar su. Matashi ƙarƙashin gwiwoyin ƙafa yana sauke bayan mutum, ciwon baya kuwa na cikin abubuwan da ke sa gyara kwanciya. Matashin kai ya zama siriri, mai kauri yana tura kafaɗa gaba.

Kwayil ɗin kafaɗa, mai tashoshi 8 ko 16, ya rungumi kan dantse sosai, a cike duk gibin da ke tsakaninsa da fata da siririn soso. Kwayil mai sako-sako matsala biyu ne: kafaɗa na motsi a cikinsa, shi ma yana girgiza da ƙarar na'ura. Idan kwayil mai lanƙwasuwa ake amfani da shi, a lura kada gefensa na gaba ya kwanta sosai a kan ƙirji. In ya kwanta, zai riƙa hawa da sauka da numfashi, kuma zai ɗauko siginar ƙirji da ƙarfi, ita ce kuwa ke zama inuwa. Maɗauri ya kama kwayil da dantse zuwa gado. Ɗaure ƙirji tamau gyaran gangar Auzinawa ne, mutum zai ji an shaƙe shi ya ƙara zurfin numfashi.

Kafin a tura gado: soso tsakanin kafaɗa mai lafiya da bangon ramin, aƙalla kaurin da kamfanin na'urar ya ƙayyade, da wani tsakanin hannu da cinya don kada fata ta taɓa fata a samu ƙuna. Abin toshe kunne, ƙararrawar kira a hannu mai lafiya, fankar ramin a kunne. Zafi na sa gumi, gumi na sa ƙaiƙayi. Tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne, kuma a na'urar tesla 3 zafin da jiki ke sha ya kai kusan ninki huɗu na tesla 1.5 idan komai ɗaya ne, don haka bargo mai kauri ba shi da wuri.

Mataki na uku: tsara sikwens

Fara da wanda zai amsa tambayar likita. Idan jijiyoyin da ke juya kafaɗa ake zargi, koronal mai karkata, na nau'in hoton da ake kira PD ko T2 da aka kashe kitse, shi ne na farko bayan hoton share fage. Idan gocewar kafaɗa ce da labrum, aksiyal, wato yankan da ke raba sama da ƙasa, shi ne na farko. Minti goman farko su ne mutum ya fi natsuwa. Duk abin da ke buƙatar ɗaga hannu bisa kai, wato matsayin ABER da ake yi bayan allurar gadoliniyam, maganin haska hoto, cikin gaɓa, sai a ƙarshe.

Sai zaɓen fuskar fes, wanda bai ci ko sisi ba amma yana sauya hoto. Tun da inuwa a fuskar fes take tafiya, tambayar ita ce: idan na ja layi daga abin da ke motsi ta wannan fuskar, zai ratsa gaɓar? A aksiyal, sa fes gaba zuwa baya. Inuwar jijiyoyin jini na hammata za ta bi layinta ta can ciki da gurbin kafaɗa, ba ta kan labrum ba, ƙirji da zuciya kuma ba za su naɗo ba, wato su faɗo cikin hoton daga wajen fili. A sajital ma, wato yankan da ke raba dama da hagu, gaba zuwa baya aka fi amfani da shi. Koronal ne ke da gardama. Dama zuwa hagu yana jawo motsin ƙirji da huhu ya ratsa kan dantse, don haka sai an haɗa da ƙarin ɗauka a fuskar fes, wato karanta har abin da ke wajen fili don kada ya naɗo, da katangar kashe sigina. Sama zuwa ƙasa yana kauce wa ƙirji, amma sauran dantse na iya naɗowa ta sama idan ba a ƙara ɗauka ba. Babu wanda ya fi a kowane hali. Idan inuwa ta faɗo kan sufrasfinatus, juya fuskar ka sake, a bar ta ta faɗa inda ba a dubawa.

Katangar kashe sigina, wadda wasu na'urori ke kira SAT, Philips kuma REST, a ɗora ta a kan ƙirji da huhu ta ciki da gurbin kafaɗa, mai kauri santimita 5 zuwa 8, a karkata ta yadda ba za ta taɓa gaɓar ko cikin tsokar sufrasfinatus ba, domin likita na duba ko tsokar ta rame ko kitse ya shige ta. Tana kashe siginar abin da ke motsi, tana kuma dushe jinin da ke shigowa. Kuɗinta shi ne ƙarin zafi a jiki da ƙarin TR ko raguwar yawan yanka.

Kashe kitse ma maganin inuwa ne, don kitsen ƙarƙashin fata shi ne abu mafi haske a ƙirji. Sai dai tazarar firikwensin kitse da na ruwa kusan hez 220 ce kawai a tesla 1.5, kusan 440 a tesla 3, don haka nesa da cibiya ya kan kuskure. Sa akwatin daidaita fili a kan gaɓar kaɗai, ban da iska da huhu. In ya ƙi, koma wasu hanyoyin kashe kitse, SPAIR, Dixon ko STIR.

Lokaci: lissafin da ya kamata a riƙe a ka

Tsawon sikwens na TSE shi ne TR sau yawan layukan fes sau NEX, a raba da tsawon jerin eko. TR na sakan 3, layuka 256, NEX 2, jerin eko 8, ya ba da sakan 192, wato minti 3 da sakan 12. Kunna ɗauka mai hanzari, GRAPPA ko SENSE ko ARC, a mataki na 2, lokacin ya ragu zuwa kusan rabi, sigina kuma ta ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari ko fiye, gwargwadon kyawun kwayil. Ga mai ciwo, sikwens na minti biyu mai ɗan ƙwaya-ƙwaya ya fi na minti biyar mai hazo. Sababbin manhajojin gyaran hoto, irin AIR Recon DL na GE, Deep Resolve na Siemens, SmartSpeed na Philips da AiCE na Canon, suna mayar da siginar da aka rasa ta hanyar gaggawa. Ba sa goge inuwar motsin da ta riga ta shiga, wani lokaci ma ƙara fito da ita suke yi.

Ƙara NEX yana dushe inuwar numfashi, gaskiya ne, musamman idan an zaɓi a raba maimaicin nesa da juna, abin da Siemens ke kira matsakaici na dogon zango, Philips kuma SMART. Wannan na aiki ga mai natsuwa wanda numfashi kaɗai ne matsalarsa. Ga wanda ciwo ke motsawa, ninka lokaci ninka damar motsi ne. Haka nan bin matiriks, wato yawan ɗigon da ke haɗa hoton, na 384 ko 448 a kan wanda ba zai iya kwanciya ba, garin neman gira a rasa ido. FOV na santimita 14 zuwa 16, yanka na milimita 3 zuwa 4 da matiriks 256 zuwa 320 sun isa a ga abin da ake nema.

A cibiyoyin da ke aiki da buɗaɗɗun na'urori masu ƙaramin ƙarfi, tesla 0.2 zuwa 0.4, waɗanda har yanzu suna da yawa a Najeriya, sikwens ya fi tsawo kuma babu rarar sigina da za a sayar a sayi lokaci. Amfaninsu shi ne ana iya kai kafaɗa cibiya sosai saboda gefe a buɗe yake, tsoron rami kuma kaɗan ne. A can kwanciya da magana su ne kusan dukan makamin, kuma STIR ke maye gurbin kashe kitse na firikwensi.

Idan duk wannan bai isa ba

James Pipe ya bayyana dabarar PROPELLER a 1999. Maimakon cika rumbun k layi-layi daga sama zuwa ƙasa, ana cika shi da faffaɗan ɓangarori masu juyawa kewaye da tsakiya kamar fukafukan fanka. Kowane fiffike yana ratsa tsakiyar rumbun, don haka kwamfuta na iya kwatanta su, ta gyara wanda ya goce ko ya juya, ta rage nauyin wanda ya lalace. GE na kiranta PROPELLER, Siemens BLADE, Philips MultiVane, Canon JET, Hitachi da yanzu Fujifilm ke riƙe da ita RADAR. A kafaɗa tana aiki ƙwarai, musamman a koronal da sajital na PD da T2.

Tana da sharuɗɗa. Cika rumbun sosai na ɗaukar kusan ninki 1.57 na lokacin da aka saba, kuma idan aka rage fukafukai don gaggawa sai zane-zane kamar hasken tauraro su fito. Fuskar fes tana juyawa da kowane fiffike, saboda haka naɗowa na iya zuwa ta kowane gefe, dabarar juya fes kuma ba ta da amfani a nan. Dole a ƙara ɗauka a kuma kashe sassan kwayil da ba a buƙata. Gyaranta na motsin da ke cikin shimfiɗar yanka ne, idan kafaɗa ta fita daga yankan ta koma ba abin da za ta iya sosai. Akwai kuma wani abu na kafaɗa musamman: ƙirji na motsi, dantse na tsaye, lissafin kuwa yana ɗauka duk hoton abu guda ne. Idan ƙirji ya cika filin, gyaran na iya bin ƙirji ya girgiza gaɓar. In ka ga haka, kashe zaɓin gyaran motsi ka bar tsarin fukafukan kaɗai, maimaita tsakiyar rumbun da kansa yana share yawancin inuwar. Nau'in hoton T1 ya fi wuya da wannan dabara saboda tana son dogon jerin eko, gara a bar shi a gajeren TSE.

Maganin kwantar da hankali hukuncin likita ne, da sa ido da ɗan rakiya. Yana taimakon mai tsoron rami, amma wanda ya yi barci mai nauyi yana minshari da numfashin ƙirji mai zurfi, kuma ba ya jin umarni.

Tsakanin sikwens da sikwens

Duba kowane hoto da zarar ya fito, kada ka jira ƙarshe. Yi magana kowane lokaci: "Hajiya, sannu da ƙoƙari, saura uku. Wannan minti biyu ne." In za a yi tari ko haɗiyar yawu, yanzu ne, amma hannu ya zauna inda yake. Idan an tabbata mutumin ya gusa, sake hoton share fage kafin a ci gaba, in ba haka ba koronal ɗin da aka tsara daidai da jijiyar sufrasfinatus ya riga ya kauce mata. Kuma kada a maimaita sikwens ba tare da an sauya komai ba. A gyara soson gwiwar hannu, ko a juya fes, ko a gajarta, ko a koma fukafukai.

A kuma tabbatar motsi ne. Hasken da ke fitowa cikin sufrasfinatus kusa da inda ta kama ƙashi a sikwens mai gajeren TE, wato lokacin jira kafin a karanta sigina, ya ɓace a T2, yawanci na kusurwar digiri 55 ne da jijiya ke yi da filin maganaɗisu. Siraran layuka da ke bin gefen ƙashi daidai da shi, suna dushewa da nisa, na ƙarancin matiriks ne. Idan kuwa inuwa iri ɗaya na fitowa a kan kowane majiyyaci, har da masu natsuwa, ɗora kwalbar gwaji cikin kwayil ɗin kafaɗa ka ɗauki sikwens ɗin. In ta fito a kan kwalba, duba makullin gado da mazaunin kwayil da wayarsa, sannan a kira injiniya.